Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ɗakin da Ba Ya Yoyo

A makon jiya na tsaya ne a ranar da takardar ɗaukata aikin tarayya ta iso gida, na kuma yi alkawarin ba da labarin tafiyata Ikko. Amma da na zauna zan rubuta, sai na ga ba zan iya hawa jirgin ƙasan nan ba sai na fara komawa zauren Baffa, domin maganar da ya gaya mini a daren sallama ita ce ta yi ta bina har ranar da na ajiye aiki.

Waɗanda suka san gidanmu sun san zauren nan na azara, wanda ake yaɓe shi da makuba duk shekara kafin damina ta sauka, amma duk da haka akwai wani lungu ta gabas da ba ya fasa ɗiga. Baffa ya san wurin kamar tafin hannunsa. Da hadari ya haɗu sai ya sa almajiri ya janye buzu da littattafai, a ajiye tsohuwar tasa a gurbin. A nan na same shi bayan isha'i, na durƙusa na karanta masa takardar ina fassarawa. Ya daɗe bai tanka ba, sannan ya ce: "Malam ƙarami, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kai ga shi za a kai ka ɗakin da ba ya yoyo, ka riƙa yanke wa masu yoyo hukunci. To, ka riƙa zuwa kana ɗaga kai." Na ce, "Allah ya gafarta Malam, in Allah ya yarda." A raina kuwa na ɗauka tsohuwar ƙiyayyarsa ce ga boko ta motsa, tunda shi ne ya fi kowa tsayawa kai da fata a kan kada mahaifinmu ya bari a rubuta ni a makaranta.

Abin da ya sa maganar ta sosa mini rai shi ne, ina ganin idan ana neman wanda ya san yoyon makarantar firamare a ƙasar nan, to ni ne. Ina riƙe da alli a watan Satumba na 1976, lokacin da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda Janar Gowon ya yi shelarsa tun 1974. An yi lissafin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai kimanin miliyan 3 suka bayyana. Mu da muke aji ba mu buƙaci a gaya mana ba. A makarantar da nake, bayan ganuwa, ajina ya cika har bakin ƙofa, saura kuma muka shimfiɗa musu tabarmi a gindin dalbejiya, muka jingina baƙin allo a jikin bishiyar. Wasu daga cikin waɗanda aka turo mana a matsayin malamai ba su daɗe da barin benci ba su kansu. A shekarar ce aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna don a cike wannan giɓi, amma yaro ba ya jiran malaminsa ya gama kwas. Ni da nake da takardar malanta mai daraja ta biyu daga Wudil, da safe ina koyar da yara, da yamma ina koya wa malamansu yadda ake shirya darasi, ba tare da an ƙara mini ko kwabo ba. Har gobe ina alfahari da wannan, domin cikin yaran gindin dalbejiyar nan akwai waɗanda suka ci jarrabawar shiga makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, akwai kuma likitan da ya duba mini ido bara ya ƙi karɓar kuɗina.

Karatuna na Kwalejin Horon Manyan Malamai ta Kano da na Jami'ar Bayero na riga na faɗe su, ba sai na maimaita ba. Na sauka a tashar Iddo da akwati ɗaya a zamanin da Farfesa Jibril Aminu yake ministan ilimi, aka ba ni tebur a wani ofishi mai fanka da labule.

Aikin farko mai nauyi da aka ɗora mini shi ne rahoto a kan albashin malaman firamare, waɗanda a jihohi da dama sukan yi watanni ba a biya su ba. Na zuba masa duk abin da na sani. Na rubuta cewa muddin kuɗin malami zai bi ta hannun da zai iya karkatar da shi zuwa wata hidima, to malami zai ci gaba da barin aji yana tafiya kasuwa ko gona, kuma babu mai hujjar zarginsa. Na miƙa wa wanda yake sama da ni, ya ce, "Malam, ai wannan ba ofishin koke ba ne," ya sa shi a fayil. Bayan wasu watanni ina zaune a bayan ɗakin taro, sai na ji shi yana karanta wa manya sakin layina ɗaya bayan ɗaya, har da misalin da na kawo na malamin da yake sayar da goro a tasha, ana jinjina masa kai. Bai ko dubi inda nake ba. Ba zan ambaci sunansa ba, ya riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansa kuma suna gaishe ni. Na yafe masa, amma ban manta ba, kuma kwafin da na buga da hannuna yana nan a akwatina.

A 1988 aka kafa Hukumar Ilimin Firamare ta Ƙasa, albashi ya fara zuwa a kan kari, malamai suka ɗan numfasa. A 1991 aka rushe ta aka mayar da nauyin ga ƙananan hukumomi, aka koma gidan jiya, har sai da aka sake dawo da ita a 1993. Duk wanda ya koyar a tsakanin nan ya san abin da nake nufi.

Sai dai ba zan yi ta nuna wani da yatsa in tsallake kaina ba. A cikin shekarun nan ne aka tura ni rangadin makarantu a wata jiha, cikin watan Agusta, marka ta kankama. Akwai wata makarantar ƙauye a jerin waɗanda zan duba, direba ya ce hanya ta yanke. Sai aka kawo mini rajista har masauki, sunaye a jere, an yi wa kowane yaro alamar zuwa, hedimasta yana tsaye yana ta "Ranka ya daɗe, komai lafiya lau." Na sa hannu cewa na gani. Bayan shekara guda wani abokin aiki ya isa ƙauyen da rani, ya tarar iska ta kwashe kwanon makarantar tun kafin zuwana, awaki ne suke kwana a ciki. Saboda sa hannuna ba a saka ta cikin jerin masu buƙatar gyara ba. Da ya gaya mini, ba abin da ya faɗo mini sai tasar nan ta zauren Baffa. Mutumin da bai taɓa shiga ajin boko ba ya ce in riƙa zuwa ina ɗaga kai, ni kuma mai digiri na sunkuyar da kai a kan takarda a ɗakin da ba ya yoyo.

Daga ranar ban sake sa hannu a kan makarantar da ƙafata ba ta taka ba, abin da ya jawo mini sunan mai taurin kai, ina kuma zaton ya jinkirta mini ƙarin girma. Ko a 1999, da aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato, muna zaune a rumfa ana tafi, ni tunanina yana kan kwanon makarantar nan. Jikana da yake koyarwa yanzu ya ce mini ta waya suke aika adadin ɗalibai, na tambaye shi ko wayar tana ganin rufi.

Na so in gaya wa Baffa cewa maganarsa ta tabbata, na yi ta ɗagawa daga wannan hutu zuwa wancan saboda nauyin baki. Saƙon rasuwarsa ya same ni muna tsakiyar ɗaure fayiloli za a kwashe mu zuwa Abuja, na iso Kano an riga an kai shi. Yadda muka yi da Yaya Babba a kan rushe zauren a zuba kankare, da abin da Hajiya ta ce a ranar, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.