Daga Kantin Kwari Zuwa Guangzhou: Neman Bizar Kasuwanci

Kaso mai yawa na atamfa da shadda da yadin da ake sayarwa a Kantin Kwari daga ƙasar Sin yake fitowa, amma ba kowane mai rumfa ne ya taɓa taka inda ake saƙa su ba. Mun daɗe muna saye ta hannun wani wakili da ke zaune a Guangzhou, mu aika masa da samfuri da kuɗi shi kuma ya turo kaya, har ranar da maigidana, wanda a hannunsa na koyi sana'ar, ya yanke shawarar cewa ɗayanmu ya je da ƙafarsa babban baje kolin birnin da ake kira Canton Fair. Tun shekarar 1957 ake yin wannan taro, sau biyu a shekara, daga Afrilu zuwa farkon Mayu da kuma daga Oktoba zuwa farkon Nuwamba, kuma an kasa shi zango uku, yadudduka da tufafi suna cikin na ukun. Ni aka zaɓa, na kuma sa niyyar zuwa na Oktoba, don haka tun damina na tsakiya na fara neman biza.

Ƙasar Sin tana bambanta bizarta da haruffa: L ta mai yawon buɗe ido ce, M kuwa ta mai zuwa kasuwanci, kuma ita M ba ta samuwa sai da takardar gayyata daga kamfani ko daga masu shirya baje koli. Samun gayyatar bai yi mini wuya ba, domin masaƙar da muke sayen kayanta ta san sunan rumfarmu. Ta turo takarda ɗauke da sunana kamar yadda yake a fasfo, da ranar haihuwata, da dalilin zuwana, da ranakun shiga da fita, da wanda zai ɗauki nauyin tafiyar, sannan ga jan hatimin kamfanin a ƙasa.

Inda aikin ya yi nauyi shi ne nuna cewa ni ɗan kasuwa ne. A Kwari kowa ya san haka, domin a kan amana ake ba ni dila goma in biya bayan na sayar, ba tare da an sa hannu a ko'ina ba. Jami'in biza kuwa bai san rumfarmu ba, bai san maigidana ba, abin da ke kan takarda kawai yake gani. Ina ganin wannan ita ce babbar matsalar 'yan kasuwarmu: akwai dukiya, akwai suna a kasuwa, amma babu shaidar da baƙo zai iya karantawa. Abin da ya cece ni shi ne rumfar tana da rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, kuma an jima ana biyan kuɗin kaya ta asusun kamfanin. Na karɓi bayanin asusun na watanni shida daga banki da hatiminsu a kowane shafi, na haɗa da takardar rajistar da wasiƙar gabatarwa wadda maigida ya sa wa hannu.

Ana cikin haka sai wani ejan ya same ni a rumfa, ya ce zai zuba mini kuɗi masu kauri a asusu na mako guda domin bayanin ya yi kyan gani, kuma zai samo mini gayyata daga wani kamfani cikin kwana biyu. Da na kai maganar ga maigida sai ya ajiye carbinsa ya dube ni.

"Ɗana, idan suka buga waya kamfanin nan suka ce ba su san ka ba, me za ka ce?"

"Babu abin cewa, Alhaji."

"To, ka tafi da abin da kake da shi. Kuɗin da ya faɗo asusu dare ɗaya kowa ya san ba na ciniki ba ne."

Fom ɗin a intanet ake cike shi, kuma yana da tsawo. Yana tambayar aikin mutum da karatunsa, da sunayen iyaye da na mata da 'ya'ya, da ƙasashen da ya ziyarta, da adireshin masaukinsa a Sin. Hoton ma yana da ƙa'ida: farin bango, fuska a sarari, kunnuwa a waje, ba hula. Fasfo kuma dole ya kasance da sauran aƙalla watanni shida kafin ya ƙare aiki, da shafukan da ba a buga komai a kansu ba. Na zauna da fasfo a buɗe a gabana ina gwada kowane harafi da na takardar gayyata, saboda sunaye irin namu ana rubuta su ta hanyoyi da yawa, Muhammad a nan, Mohammed a can, kuma wannan kaɗai ya isa a dawo wa mutum da takardunsa.

Babu inda ake karɓar takardun a Kano, sai Abuja ko Legas. Na hau mota bayan sallar asuba, muka bi ta Zariya zuwa Kaduna, daga tashar Rigasa na shiga jirgin ƙasa zuwa tashar Idu da ke Abuja. Washegari a cibiyar karɓar takardun na tarar da ɗalibai da injiniyoyi da 'yan kasuwar Onica da Aba, kowa da fayil a hannu. Ma'aikaciyar ta bi takarduna ɗaya bayan ɗaya, ta tambaye ni abin da nake sayarwa da yadda na san kamfanin da ya gayyace ni, na amsa mata daidai da abin da na rubuta. Cibiyar karɓa kawai take yi, hukuncin bayarwa ko hanawa na ofishin jakadanci ne, shi ya sa duk wanda ya ce da kai yana da tabbacin biza a hannunsa sai ka yi taka-tsantsan da shi.

Da fasfo ya dawo na karanta bizar a tsanake, domin abubuwa uku ne a jikinta da mutane kan cakuɗa. Akwai ranar da dole a shiga ƙasar kafin ta wuce, akwai adadin shiga, sannan akwai yawan kwanakin da aka yarda mutum ya zauna, waɗanda ake lissafawa bayan ya shiga. Tawa ta shiga ɗaya ce, ta zaman kwana 30. Na haɗa ta da katin allurar shawara, na tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Adis Ababa, daga can muka kwana a sama zuwa filin jirgin Baiyun na Guangzhou, inda agogo yake gaban namu da awa bakwai.

A Baiyun aka ɗauki hoton yatsuna, jami'in ya nemi ganin takardar gayyata da tikitin komawa, na miƙa masa su daga aljihun gaba. Biza izinin zuwa bakin ƙofa ce, shi wannan jami'in ne mai buɗewa. Dokar ƙasar ta kuma wajabta a yi wa baƙo rajistar masauki. Otal yana yi wa wanda ya sauka a cikinsa, amma wanda ya sauka gidan wani sai ya je ofishin 'yan sanda cikin awa 24. Na sauka a unguwar Xiaobei, inda 'yan Afirka suka fi yawa kuma abincin halal ba ya wuyar samu.

Baje kolin a unguwar Pazhou ake yin sa, cikin gine-ginen da ƙafa ke gajiya kafin ta ratsa ɗaya. A can na zauna da mutanen masaƙar ido da ido a karon farko, na murza yadi tsakanin yatsuna, na nuna musu launukan da ke tafiya a Kano gabanin sallah da waɗanda ke kwana a rumfa. Wannan bayani bai taɓa isa gare su ta bakin wakili ba. Na kuma ziyarci masallacin Huaisheng, ɗaya daga cikin mafiya tsufa a ƙasar Sin, na yi sallah tare da Sinawa Musulmi da Larabawa da mutanen Mali da Gini.

Wani abokin ciniki ya ba ni shawarar mu leƙa Hong Kong, tunda jirgin ƙasa mai sauri yana kai mutum cikin kusan awa guda. Ban je ba, domin mai bizar shiga ɗaya idan ya tsallaka can bizarsa ta ƙare, ga shi kuma ɗan Najeriya yana buƙatar wata bizar daban ta Hong Kong. Kwanakina ma na riƙa lissafa su kullum, saboda wanda ya wuce wa'adi ana iya cin tararsa yuan 500 na kuɗin Sin a kowace rana har zuwa 10,000, ko a tsare shi, kuma abin yana bin sunansa a duk lokacin da ya sake nema. Na kammala odar, na ga an loda kayan a kwantena, na baro Guangzhou da sauran kwanaki a bizata, masaƙar kuma ta yi alkawarin turo gayyatar baje kolin Afrilu da sunan ƙanena, wanda yanzu yake haɗa nasa takardun.