Mai gadin bakin rijiya a Madarunfa

Kaka ta kama, ana ta ɗaurin dammunan gero, na hau mota a tashar Maradi zuwa Madarunfa, tafiyar kimanin kilomita 20 kudu da gari. Muka bi hanyar Ɗan Isa, muka wuce garakan zogalen Jiratawa, hantsi bai gama dubar ludayi ba muka sauka. Mutane suna zuwa garin don kifin tafkin, wasu don ziyarar kaburburan waliyyai 99 da ake faɗa. Ni garkar kawuna na nufa, can gefen tafki, domin ya aiko mini cewa malam-buɗe-littafi sun cika wurin bana, kuma ya san tun ina yaro nake bin su.

Bayan gaisuwa da furar maraba, ya kai ni bakin rijiya ya nuna mini wani reshen lemo. "Ɗana, dubi wanga. Kullum nan yake, ba ya barin kowa shi wuce."

Baƙi ne wuluk, da fararen ɗigo manya a fukafukansa, kowane ɗigo da zoben shuɗi mai ƙyalli in rana ta haska shi. Masana suna kiran irinsa Hypolimnas misippus, kuma wannan namiji ne. Ya zauna a ƙarshen reshe, fuskarsa ga ɗan filin da ke tsakanin rijiya da shinge. Farin malam-buɗe-littafi ya gifta, ya tashi ya bi shi har bayan shinge, ya dawo kan reshen nan dai. Mazari ya zo, haka. Da wani namiji ɗan'uwansa ya shigo kuwa sai abin ya canza: suka sarƙe suna kewaya juna, suna yin sama har suka wuce tsayin mangwaro, sannan ɗaya ya yanke ya yi gabas, ɗayan ya sauko mazauninsa.

Kawu ya ce kokowa ce irin ta filin Maradi. Na ce masa, "Kawu, a kokowa akwai kaye, su kuwa ko taɓa juna da wuya su yi." Ba su da ƙaho, ba haƙori, ba ƙari. Abin da suke gwadawa shi ne wa zai riga gajiya ya bar wurin. Wannan ne ya riƙe ni a gindin lemon har azahar, domin ban san wata halitta da take faɗa da hannu wofi haka ba, ta kuma ba shi ranta gaba ɗaya.

Wani masani ɗan Ingila, Nick Davies, ya buga bincike a 1978 kan wani iri na dajin kusa da Oxford, wanda mazansa ke tsaron gurbin da rana ta ratso ganye ta sauka ƙasa. Ya ga mai wuri ne ke cin nasara. In Davies ya kama mai wurin, baƙo ya zauna, sannan Davies ya sako na farko, sai baƙon ya kore shi. Masanan da suka biyo bayan Davies sun ƙara da cewa ɗumin jiki ma yana da hannu, wanda ya sha rana ya fi jure shawagi. Akwai kuma masu ganin namijin ba ya tantance abokin gaba, duk abin da ya gifta bin sa yake ko mace ce, in maza biyu suka haɗu kowa na bin kowa. Bayan na ga yadda ya bi mazari, na karkata ga masu wannan magana, ko da yake ba ta bayyana mini dalilin da kullum shi ke dawowa ba.

Filin nan ba abinci a cikinsa. Hanyar mata ce kurum. Macen kuma ba ta yi kama da mijinta ko kaɗan, ja-ja ce mai ruwan goro, da baƙi da fari a bakin fiffike. Ta ari kamannin wani iri dabam, Danaus chrysippus, wanda tsutsarsa ke cin ganyen tumfafiya ta tara dafinsa a jiki, tsuntsu ya ɗanɗana sau ɗaya ya kiyaye. Ita ba ta da dafin, rigar kawai ta sa.

Shi wannan na tumfafiya neman aurensa da turare yake yi. Namiji yana tsotsar busasshen ganyen tsirrai irin su biya-rana, ya haɗa wani ƙamshi da abin da ya samu, in ya cim ma mace sai ya fito da wasu tuntaye biyu na gashi daga ƙarshen cikinsa ya barbaɗa mata a kan gashin kanta na shinshina. Wanda bai sami ganyen ba, mata ba sa kula shi. Na kama namiji ɗaya a hankali na nuna wa kawu wani ɗigo a fiffiken baya, aljihun ƙamshin, wanda mace ba ta da shi, na sake shi.

Kawu ya yi shiru, sannan ya ce ya sa yara su sare tumfafiyar bayan shinge gobe, don zai faɗaɗa fangalin albasa. Na roƙe shi ya bar ko layi ɗaya, ya kuma rage feshin magani a wannan gefen. Ya ce albasa ce ke biyan kuɗin makarantar jikokinsa, amma layin da ke jikin shinge ba ya tare masa komai, zai bari. Da la'asar ya ɗora ni a kabu-kabu zuwa tasha, da ƙullin busasshen kifi na kai wa inna a Maradi.