Tarihin Rayuwata, kashi na 7: Jinin da Baffa bai gani ba

Makon jiya na tsaya a daren da aka shigo da Yaya bayan ya faɗi daga babur. Ko ƙwarzane babu a kansa, gwiwar wandonsa kawai ta yage. Baffa ya haska shi da tocila ya ce, "Raunin da bai yi jini ba ai ba rauni ba ne, ku bar shi ya kwanta." Muka bar shi.

Cikin dare ya yi amai sau biyu. Da asuba Inna ta yi ta girgiza shi, ba ya amsawa sai nishi. Ni na ɗaga fatar idonsa, na ga baƙin ido ɗaya ya fi ɗayan buɗewa. Har yau hannuna na rawa in na tuna.

A asibiti likita ya kira sunansa, ya matse masa farce, ya rubuta 8. Daga baya na san ma'aunin Gilasgo ne na auna zurfin suma, daga 3 zuwa 15, kuma daga 8 zuwa ƙasa rauni ne mai tsanani. Hoton kai ya nuna jini ya taru a cikin ƙoƙon kai yana danne ƙwaƙwalwa. Jinin da Baffa ya nema a waje, ashe yana ciki.

Aka yi aiki, ya tashi. Dangi suka ce ya warke tunda yana tafiya da ƙafarsa. Amma mutumin da ko yaro bai taɓa daka wa tsawa ba ya koma jifa da kofi, ya tambaye ka abu ɗaya sau biyar. Suka ce raini ne ya koya. Wata likita ta zaunar da ni ta ce, "Gaban ƙwaƙwalwarsa ne ya bugu, can ake riƙe fushi da tsara tunani. Ba da gangan yake yi ba." Baffa ya rasu bai taɓa jin wannan bayani ba, don ran da na so gaya masa cewa ya yi yarinya ba ta koya wa babba ciwo. Na yafe masa, amma maganar tocilar nan ba ta bar ni ba.

Na saya wa Yaya ƙaramin littafi yana rubuta magani da sunayen masu zuwa duba shi. A shafin farko sunana ya rubuta, ya ja layi biyu a ƙasa. Yadda matarsa ta ga littafin, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.