Daren da maltikas ya hana ni barci a otal

Wani aiki na karɓa a wani otal, suna so tashoshin talabijin su riƙa bi ta netwok zuwa ɗakuna. Dabarar maltikas ke nan, ko ɗaki sittin ne ke kallon ƙwallo, saba, wato kwamfutar da ke aiko da tashoshin, sau ɗaya take turo bidiyon, rauta da swici, na'urorin da ke raba netwok, su raba wa duk wanda ya nema.

Kunnawar kam ba wuya. Rautar Cisco ce, na buga ip multicast-routing, na sa ip pim sparse-mode a kowace ƙofar rauta don kunna PIM, yaren da rautoci ke yi da juna kan maltikas, na zaɓi rauta ɗaya ta zama RP, wato mahaɗar mai aikawa da mai kallo, tashoshin kuma na ba su adireshi mai farawa da 239 tunda shi aka ware wa cikin gida. Bene na farko hoto tas, na biyu shiru kake ji. Sai wajen ƙarfe ɗaya na dare na gano dokar RPF ce, wato ita rauta ba ta karɓar fakitin maltikas sai ya shigo ta ƙofar da za ta bi in za ta koma wajen mai aikawa, ashe wata tsohuwar hanya da aka rubuta wa rautar da hannu tana nuna wata ƙofar daban. show ip rpf ce ta tona asirin. Waifai ma ya kwanta saboda wani swici mai araha ba a kunna masa IGMP snooping ba, abin da ke sa ya gane wa ya nemi tasha, yana ta watsa bidiyo ko'ina kamar mai rabon sadaka.

Amma abin da ya fi ɗaga min hankali tsaro ne. Da safe na ce bari in gwada, na jona laftof ɗina a ɗakin baƙi, na buɗe manhajar bidiyo ta VLC na tura bidiyo zuwa adireshin tashar da ake kallo, wallahi nan take hoto ya hargitse a ɗakunan. Ni da kaina fa! To ina ga baƙon da ya san kan abin? PIM ba ya tambayar kowa ɗan wane ne, duk wanda ya yi sallama maƙwabci ne.

Sai na zauna rufe ƙofofi. A kan RP na sa ip pim accept-register don sabar talabijin kaɗai ta yi rajista, na sa neighbor-filter kada wata rautar bogi ta shigo, Auto-RP, mai sanar da RP da kansa, na ƙi shi sam, na rubuta RP da hannu, na kuma toshe adiresoshinsa 224.0.1.39 da 224.0.1.40 a bakin iyaka da ip multicast boundary. Ɗakuna na taƙaita musu adiresoshin tashoshin da za su iya nema da ip igmp access-group. Duk da haka laftof ɗin bai daina ɓata wa ɗakunan da ke VLAN ɗaya da shi ba, wato sashen netwok ɗaya, tunda a nan ba ya bi ta rauta, dole sai da na sa ACL, jerin abin da aka yarda ya wuce, a ƙofofin swici.

Gaskiya tsarin SSM na fi so, mai adireshi da ke farawa da 232, inda mai kallo zai ambaci wanda yake so ya aiko masa, babu ma zancen RP. Amma yana buƙatar IGMPv3, zubi na 3 na yaren neman tasha, akwatunan talabijin na ɗakunan kuwa na 2 kawai suka iya. Na ce wa manaja a canza su, ya ce injiniya bari sai baɗi.