Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Makonnin Jiran Magani

Makon jiya na tsaya a inda Kawu ya sa ni gaba muka hau bas daga Tawa zuwa Yamai. A lokacin barci ya ƙaurace mini, shagon ɗinkina yana rufe, ko ƙofa aka buga sai gabana ya faɗi, zufa ta karyo mini. An yi mini tofi, na sha rubutu, kuma har gobe ban raina su ba. Amma Kawu ya ce a haɗa da likita.

Gidan Yaya muka sauka a Bukoki. Washegari muka nufi sashen masu larurar ƙwaƙwalwa da ake kira Pavillon E a babban asibitin ƙasa. Ƙafafuna sun yi sanyi a bakin ƙofa, don na san abin da mutane ke faɗa a kan wanda aka kai can.

Likitan bai yi gaggawa ba. Ya gwada jinina, ya tambayi barcina da cin abincina, ya tambaya ko ina shan tramol. Na ce a'a, sai dai shayi a fada har tsakar dare. Sai ya juya takarda ya zana kan mutum.

"Malam, can cikin ƙwaƙwalwa akwai ɗan yanki da ake kira amigdala. Mai gadi ne. In ya hango haɗari sai ya yi kururuwa, jiki ya saki sinadaran adirenalin da kotizol, zuciya ta hau dukan uku-uku. Sashen da ke bayan goshi ne ke kwantar da shi. Doguwar damuwa da rashin barci sun sa naka mai gadin yana ihu ko babu ɓarawo."

Wallahi hawaye na yi. Ashe abin da ke damuna yana da mazauni a jiki, ba raunin imani ba ne kamar yadda wasu suka faɗa mini a fuska.

Ya rubuta mini fluoxetine, ƙwaya ɗaya da safe, mai aiki a kan sinadarin serotonin. Ya ja kunnena cewa sai an yi mako 2 zuwa 4 kafin a fara ganin sauƙi, kuma ko na warke zan ci gaba da sha watanni, kada in yanke da kaina. Ya koya mini jan numfashi a hankali, fitarwar ta fi shaƙar tsawo, don hakan na rage gudun zuciya. Ya ce in riƙa tattaki bayan asuba, in bar shayi daga la'asar.

Makonnin farko su ne masu wuya, kuma a nan ne mutane da yawa ke zubar da maganin. Tashin zuciya, ciwon kai, ga fargabar tana nan daram. Inna ta kira a waya tana kuka: "Ɗana, ka bar ƙwayoyin nan kar su kama ka." Kawu ya karɓi wayar ya ce, "Yaya, likita ya ce ba irin tramol ba ne, ki yi mashi addu'a kawai." Daga ranar, a aljihun rigarsa maganin ke kwana, shi ke miƙo mini bayan koko.

Wani dare matar Yaya ta tuƙa tuwon hatsi da miyar kuka, na cinye na nemi ƙari. Ba wanda ya ce uffan, sai kallon juna. Daren nan sai kiran sallah ya tashe ni.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin komawata Tawa, da maganar da surukina ya tare ni da ita a zaure.