Kwano uku, goro ɗaya

Daren Juma'a ƙanena ya kife kwanoni uku a kan tabarma, ya ce akwai goro a ƙarƙashin ɗaya. Na nuna na tsakiya. Shi ya san inda goron yake, sai ya ɗaga na dama, wayam. "Yaya, kana nan a kan naka, ko za ka canza?"

Na ce ai saura biyu, ko wanne na ɗauka rabi da rabi ne. Yaron nan ya dinga dariya har da riƙe ciki.

Ashe tsohuwar rigima ce mai sunan Monty Hall, wani mai gabatar da shirin talabijin a Amurka. A can mota ake ɓoyewa bayan ƙofa ɗaya, awaki bayan biyu. A 1990 wata marubuciya, Marilyn vos Savant, ta rubuta a mujallar Parade cewa canzawa ta fi. Wasiƙu kusan 10,000 aka aiko, har daga masu digirin digirgir, yawancinsu na cewa ta yi kuskure. Ita ce da gaskiya.

Zaɓina na farko sau ɗaya cikin uku yake dacewa. Sau biyu cikin uku goron yana cikin sauran biyun, kuma ƙanena ba zai taɓa ɗaga mai goro ba, don haka in na canza, sau biyu cikin uku zan dace. Duk da haka na yi ta gardama, sai da ya ce in ɗauka kwanoni 100 ne, na zaɓi ɗaya, ya ɗaga 98 ya bar guda. Nan na yi tsit.

Goron ma shi ya cinye.