Girecka, hatsin da ya riƙe ni a Kazan

Washegarin isowata gida hutu, Umma ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida muna rabon tsaraba. Turare na Inna, hula mai gashi ta ƙanina, cakulan na yara. Can ƙasan akwati sai ta ci karo da leda huɗu na wani hatsi ruwan ƙasa. Ta farke ɗaya, ta zuba a tafin hannu, ta kai hanci.

"Ke 'yar nan, wannan kuma fa? Ga Dawanau a bayan gida, ki tafi har Rasha ki ɗauko mana tsaba?"

Na ce, "Umma, wannan na Abba ne. Girecka ake ce masa."

A watan Satumba na 2019 na bar Kano zuwa Kazan, babban birnin Tatarstan da ke bakin kogin Bolga, karatun harhaɗa magunguna. Abba ya yarda da garin ne saboda Musulmi suna da yawa, ga masallatai, naman halal kuma ba ya wuyar samu. Duk na tarar da haka. Duhun ne ya zo mini ba shiri. A Disamba ƙarfe uku da 'yan mintuna rana ta faɗi, kafin in fito daga aji magariba ta wuce. Wasu ranakun sanyi ya kai digiri 20 ƙasa da sifili, in ka ja numfashi ka ji cikin hancinka ya daskare. Kuka da daddawar da Umma ta ƙulla mini ba su kai wata uku ba. Na koma shayi da burodi safe da dare, na rame har zobena yana zamewa. A waya kuwa kullum sai in ce lafiya lau, don kada hankalinsu ya tashi.

Na fara ganin girecka a wurin cin abincin ɗalibai. Ƙamshinsa kamar na gyaɗar da ta ɗan wuce wuta, haɗe da na ƙasa bayan ruwan farko. Loma biyu na yi na ture.

Wadda ta sasanta ni da shi wata dattijuwa ce 'yar ƙabilar Tatar da ke tsaron ƙofar masaukinmu. Apa muke ce mata, wato yaya ko inna a harshensu. Wata Asabar ta kama hannuna ta dubi wuyan hannun, ta girgiza kai, ta ja ni kicin. Ta zuba kofi ɗaya a faranti, muka tsince baƙaƙen da ba su rabu da ɓawonsu ba, kamar yadda ake tsintar wake. Ta wanke, ta sa ruwa kofi biyu da gishiri, ta rufe, ta rage wuta. Da na ɗauko cokali zan juya sai ta riƙe mini hannu: ba a buɗewa, ba a motsawa. Bayan kamar minti 20 ta sauke, ta jefa man shanu, ta naɗe tukunyar da tawul ya turara. Da ta buɗe, ga shi wara-wara kamar dambun da ya ji hannu. Na haura ɗaki na kankaro ragowar yajina na barbaɗa. Ranar na ci na ƙoshi, na yi barcin da rabona da shi tun a ɗakin Umma.

Daga nan na mayar da shi namu. Na yi dafa-duka da shi, na ci da miyar jajjage, na yi fatensa da alayyafo. Su kuma da safe da madara suke sha, na koya. Yana riƙe ciki. In na ci da asuba sai la'asar nake neman wani abu, har azumina na farko a can da shi na riƙa sahur.

A watan Maris na 2020, da aka fara maganar kulle saboda korona, kantunan unguwarmu girecka ne ya fara ƙarewa a cikinsu, kamar yadda a nan ake rugawa Singa neman shinkafa. Apa ta ba ni rabin nata. A ranar take gaya mini cewa zamanin Tarayyar Sobiyet yana da wuyar samu, masu ciwon suga ne ake ware wa rabonsu da takarda. Gabana ya faɗi, don Abba ya shekara goma yana fama da suga.

Sai a aji uku, a darasin tsirrai masu magani, na san abin da nake ci. Turawa suna kiransa buckwheat, sunan ya yi kama da na alkama a harshensu, alhali ba dangin alkama ko gero ko dawa ba ne, ba ma ciyawa ba ce. Tsiro ne mai faɗin ganye da fararen furanni, ƙwayarsa mai kusurwa uku. Asalinsa kudu maso yammacin Sin, yau kuma Rasha da Sin ne suka fi noma shi. Ba shi da gulutin, sinadarin alkamar nan da cikin wasu ba ya karɓa. A giram 100 na busasshensa akwai furotin giram 12 zuwa 13, da faiba, wato ɓangaren abinci da hanji ba ya narkarwa, wajen giram 10, da maganiziyam sama da miligiram 200. Furotin ɗin yana da laisin, wani sinadari da jiki ke buƙata, wanda gero da dawa da masara suke da ƙarancinsa.

Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne rutin. Sinadari ne da ke taimakawa wajen ƙarfafa bangon ƙananan jijiyoyin jini, kuma a kantunan magani na Rasha akwai ƙwayar Askorutin, haɗin rutin da bitamin C, na sha miƙa ta lokacin koyon aiki. Ya fi yawa a ganye da fure fiye da ƙwaya, suya kuma tana rage shi. Akwai wani iri mai ɗaci da ake nomawa a tsaunukan Sin da Nepal, nasa rutin ɗin ya ninka na wanda muke ci sau da yawa. Sai wani sinadarin, kairo-inositol, mai alaƙa da aikin insulin da ke daidaita suga a jini, wanda a gwajin ɓeraye masu suga aka ga ya sauke sugan jininsu. Ga mutum, abin da ya fi tabbata shi ne dafaffen girecka ba ya ɗaga suga da sauri kamar farin burodi, saboda faiba da wani kaso na sitacinsa da hanji ba ya saurin narkarwa.

Shi ya sa na ɗauko wa Abba, don ya gaji da tuwon alkama da faten acca. Na dafa masa da miyar alayyafo da kifi, ya cinye, ya ce, "Allah ya yi miki albarka, uwata." Bayan awa biyu ya gwada jininsa ya rubuta a littafin da yake kai wa likita.

Kafin mako ya zagayo labari ya bazu a layinmu cewa na kawo maganin suga daga Rasha. Wata maƙwabciyarmu ta zo da kofi, tana cewa in mijinta ya samu sai ya huta da ƙwayoyin asibiti. Raina ya ɓaci ƙwarai, don irin wannan maganar ta kai mutane da yawa gadon asibiti. Na zaunar da ita na ce, "Yaya, wallahi abinci ne. A giram 100 fiye da rabi sitaci ne, in aka cika kwano suga zai hau. Kada ya ajiye maganinsa ko na kwana ɗaya." Na ƙara mata da cewa wasu jikinsu ba ya karɓarsa, yana sa musu ƙaiƙayi da kumburi har da sarƙewar numfashi. Laisin ɗin da nake yabo kuwa yana nan a wake. Mai cin gero da wake ko ɗanwake ya riga ya same shi da kuɗi kaɗan. Na zuba mata rabin kofi ta ɗanɗana.

Ranar Juma'a Baffa ya zo daga Dawanau, shekara talatin yana awon hatsi. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya gatsa, ya juya ta a haske, ya ce bai taɓa ganin irinta ba. Ya tambayi kwana nawa take yi a gona, na ce mako 10 zuwa 12, ba ta neman taki da yawa, sai dai zafi yana zubar mata da fure.

"To ai sai hunturu, a Kadawa, lokacin alkama," in ji shi, ya fara ƙulle wani a bakin rawaninsa.

Na ce, "Baffa, wannan soyayye ne, ba zai tsiro ba. Sai mai ɓawo, ɗanye."

Ya kwance ƙullin ya mayar cikin leda, ya ce idan zan dawo baɗi in bar batun turare, in nemo masa ko rabin mudu ne.